Ɗan Roba a Zauren Malam

Mun haye, jama'a! Malam ya yarda, ɗan roba zai shiga Islamiyya!

Bari in dawo baya, na san ba ku gane komai ba. Karatun jinya nake yi a Kano. Bana gwamnati ta ba sashenmu kuɗin bincike a kan mutanen da zuciyarsu ke tsayawa farat ɗaya. So ake a gano ko in an koya wa mutanen gari danna ƙirji za su iya riƙe mutum kafin a kai asibiti. Mu dai a Ajingi, in mutum ya yanke jiki ya faɗi, ruwa ake sheƙa masa a hau fifita. Lakcararmu ta ce duk wanda ya samo wurin koyarwa, da garinsu za a yi. Wanda bai samo ba, a tsallake su. Ni da rawar kai na ɗaga hannu: kakana yana da Islamiyya, matan unguwa duk can suke zuwa.

Sai da motarmu ta wuce Gaya na tuna. Abin da muke koyo a kansa mutum-mutumi ne na roba, ga shi nan a jaka kan cinyata. Malam kuwa, kakan nawa, ko kalanda mai hoton mutum ba ya bari a rataya masa. Na ɗauko waya na rubuta a guruf ɗin 'yan ajinmu: "Ku taya ni da addu'a, yau akwai cakwakiya."

Na same shi a zaure bayan la'asar. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta bayani har harshena na harɗewa.

"Amarya, buɗe mu gani," ya ce. Haka yake kirana tun ina rarrafe.

Na zuge jakar. Ya gyara tabarau.

"Au, wannan ne ya ƙwace min ke? Ba hannu, ba ƙafa?"

"Malam, ai ya fi ka jin magana."

Ya yi dariya, sannan ya ɗaure fuska. Ya sa na juya shi, ya ƙwanƙwasa ƙirjin, ya leƙa ta ƙasa.

"Ina cikinsa?"

"Ba shi da ciki. Daga kai sai ƙirji."

Ya ɗauko carbinsa yana ja. Can ya ce malamai sun yi magana a kan surar da ba ta cika ba, wadda da mai rai ce ba za ta rayu a haka ba, hukuncinta daban ne. Balle wannan ba don ado aka yi shi ba, don ceton rai ne. Sharaɗinsa ɗaya: in an gama a mayar da shi jaka.

Kawai sai ya naɗe hannun riga. "Nuna min."

Wallahi tsoho ya durƙusa, tafi kan tafi, hannu a miƙe. Dannawar farko ɗan roba ya ce ƙas! Malam ya zabura.

"Na karya shi?"

"A'a, ƙarar nan ake nema! Ci gaba, da sauri, kar ka tsaya!"

"Ji 'yar nema, yau ni ake biya wa karatu."

Asabar mai zuwa da hantsi za mu fara, mata a aji, maza a zaure, kuma kyauta ne. Don Allah ku tura wa 'yan'uwa na Ajingi da Toranke har Kademi.