Motar da Ke Shan Taki

Har gobe ban manta da wata Talata ta farkon damina ba, lokacin ina direban motar asibitinmu, a wani gari kusa da Gazawa. 'Yan garinmu mazauna Kwatano ne suka haɗu suka sayo mana ita, 'yar Turai mai shan gazuwal, wato man dizal. Ranar da ta iso, ko ango bai kai ni baza haƙora ba.

Wata biyu muna shan daɗinta, sai ta fara wani rubutu a gaban sitiyari da harshen da ko malamin lakol, mai karatun boko, ya kasa karantawa, ga lamba tana raguwa kullum. Manjo, wato shugaban ma'aikatan asibitin, ya kira Usta Rabi'u, bakaniken Maradi mai aiki da kwamfuta. Usta ya jona waya ya duba, ya nuna mana wani ɗan tanki mai shuɗin murfi wanda ni duk a zatona na ruwan wanke gilashi ne. Ya ce ruwan da ke ciki shi ke tsabtace hayaƙi, kuma ya kusa ƙarewa. Saura kilomita sittin ta ƙi tashi. Sittin kuwa ba ta kai mara lafiya Maradi.

Manjo ya tara kwamitin asibiti a gindin bedi, wato itacen dogon yaro. Usta ya ce zaɓi uku ne: a riƙa sayen ruwan, ko ya rufe wa kwamfutar motar ido ta manta da shi, ko kuma ya haɗa da cire matatar hayaƙin gaba ɗaya. "Na ukun nan," in ji shi, "doki za ta zama."

Ni da jin doki sai na miƙe na ce na ukun nake so. Na riga na hango kaina ina wuce motocin haya a hanyar Agiye ina ɗaga musu hannu.

Alhaji Mamman, shugaban kwamiti, ya ce, "To wai mi aka sa cikin ruwan ga?"

"Yuriya ce, Alhaji, da ruwa mai tsabta."

"Taki? Mota ka shan taki? Ai buhu huɗu gare ni cikin ɗaki, a jiƙa mata!"

Ardo, wakilin makiyaya, ya ce shi ya ji an ce da fitsari ake yi, in haka ne shanunsa sun ɗauki nauyinta har abada. Muka yi dariya har da riƙe ciki, Usta na rantse-rantse cewa ko ɗaya aka zuba injin ya tafi.

Don ya gamsar da mu kan maganar dokin, sai ya tada tasa motar, wadda ya yi wa zaɓi na uku. Ya taka totur. Ta yi gurnani mai daɗi, ta kuma feso baƙin hayaƙi daidai kan farar rigar Manjo. Manjo na tari, ni ina tafi.

Madam Hadiza, unguwarzomarmu, ita kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Idi, zo." Ta buɗe bayan motarmu, ta nuna mini ƙofar da ba ta gama rufuwa, ta nuna salansa a ƙarƙashinta. "Manjo na tsaye da lafiyarshi, dubi yadda ya yi. Nan kan mai naƙuda yake, har Maradi. Ni kuma ga wurin zamana."

Wallahi kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata. Na koma gindin bedi na ce na janye. Manjo ya rubuta zaɓi na ɗaya a takarda, kowa ya sa hannu, Ardo ya dangwala yatsa. Ashe Usta na da jarka guda ta ruwan a motarsa. Aka zuba, lambar ta ɓace, muka yi ta kabbara kamar an haifi ɗa.

Ku matasan direbobi, abin da na koya ke nan: mu a gaba muke zama, hayaƙi kuwa baya yake fita. In bakanike ya jera muku zaɓi, kafin ku ɗaga hannu, ku je ku tambayi wanda ke zama a baya.