Musbahu Mai Ƙaton Ƙaho

Shekara goma sha tara Musbahu ya yi a layin baya na 'yan badujalar wata hukuma a Abuja, rungume da ƙaton ƙahon nan na tagulla da ake kira tuba. Aikinsa bai wuce "bum, bum" ba, sauran masu busa su hau kai.

Shi kuwa ya iya karanta rubutun kiɗa, wani tsohon kofur ne ya koya masa a Zariya. Sai ya riƙa samo tsofaffin kaɗe-kaɗen Turawa da aka rubuta wa goge, yana sauko da su daidai da kaurin muryar tuba, yana sa alama duk inda mai busa zai ja numfashi. A motar zuwa gida Kuje yake yawancin aikin, littafi a kan gwiwa. Har ya cika littafi shida.

Matarsa Kubra takan ce, "Malam, wai wa zai saurari wannan?"

"Ranarsa na zuwa," in ji shi.

Lokacin mulkin farar hula ya dawo, gari ya buɗe, kullum ana bikin sabon gini. A 2008 shugaban badujalar, Oga Nazeer, ya ba shi minti huɗu shi kaɗai a liyafar rana ta baƙin waje. Wata biyu yana gwaji. Ranar liyafar ya miƙe ya fara, zauren ya yi tsit, har masu raba abinci suka tsaya. Bai kai rabi ba sai ga jiniya, babban baƙo ya iso.

"A tashi tsaye!" in ji mai gabatarwa.

Oga ya ɗaga sandarsa a fara kiɗan tarbar baƙo, Musbahu ya koma layin baya.

Bayan mako guda Oga ya ce ya kawo littattafan a buga masa. Da suka fito, sunan Nazeer ne a bango. Musbahu ya same shi a ofis.

"Ranka ya daɗe, ban ga sunana ba."

"Ba da ƙahon gwamnati ka yi aikin ba? Kana son ka yi ritaya lafiya ko kuwa?"

Musbahu ya sara masa ya fita. Daga ranar bai ƙara rubuta ko layi ɗaya ba.

Ya yi ritaya haƙoransa na gaba sun zube, ya koma noman doya a bayan Kuje. In sababbin maƙwabta suka tambaye shi aikin da ya yi, sai ya ce, "Aikin gwamnati," ya kawo zancen damina.