Ranar da Zuma Ta Ƙwace Mini Babbar Riga

A bayan gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi akwai ɗan fili, tsawonsa bai wuce tabarma uku ba, amma ni gona nake kiransa. Zogale, yakuwa, lemon tsami guda. Kullum uwargida tana yi mana kwaɗon zogale da waina, ni kuma ina cewa da a ce da zuma a kan wainar nan, da ko gwamna sai ya yi sallama.

Sai na sayo amya. Maƙwabcina, tsohon malamin makaranta ɗan Kudancin Kaduna, wanda ya tashi a gidan masu zuma, ya ce in turara ta da kakin zuma, ƙamshin ne ke kiran ƙudan. Na ɗauko kaskon turaren uwargida, na narka kaki a ciki, na turara amyar har na koma kamar kifin banda. Na rataye ta, na mai da kasko wurinsa. Damina ta wuce, ko ƙudan gida bai leƙa ba.

Ranar ɗaurin auren ɗan yayana a Unguwa Uku, ni ne wakilin ango. Babbar riga ɗaya gare ni mai shiga ido, farar shadda. Uwargida ta kifa kwando a kan kaskon nan a bayan gida, ta lulluɓa rigar don ta sha turare. Na fito daga wanka sai na ji wani ruri kamar an ta da janareto goma.

Inna lillahi! Rigata ta zama baƙa. Ƙudan zuma ne, curi guda kamar kan bijimi, sun yi dafifi tun daga wuya har aljihu. Amya kuwa ga ta can a sama, wayam.

"Malam, me ka sa mini a kasko?" in ji uwargida daga bayan labule.

"Hajiya, tambayar nan ta jira lahira."

Maƙwabci ya leƙo ta katanga, ya ƙyalƙyale da dariya. "Alhaji, barka da baƙi! Uwarsu tana cikin rigar. Ka kakkaɓe, su tashi gaba ɗaya, ba za ka sake ganinsu ba. Ka bar su zuwa yamma, mu juye su a amya."

"Ticha, ƙarfe sha ɗaya za a ɗaura!"

"To zaɓi. Riga ko zuma."

Na dubi rigar, na tuna waina. Na koma ɗaki na zaro kaftanin da na ɗinka tun ina da wuya. Sai da uwargida ta danna tumbi da gwiwa kafin ya shiga. Haka na karɓi auren ina shan iska da cokali. Liman ya ce in ɗaga murya, na ce Allah gafarta Malam, in na ɗaga, rigar ce za ta amsa. Yayana bai yi mini magana ba sai bayan la'asar.

Da yamma ni da maƙwabci muka juye ƙudan a amya. Da suka yi saƙa, muka sha zumar farko a kan waina, da shayin lemon tsami. Na kai wa yayana kwalba guda. Ya lasa, ya sake lasa.

"Auren ƙanwar angon ma kai ne wakili," ya ce. "Amma rigar a gidana za a turara ta."