Kawu Direba da Lambun Yara

Idan hutu ya kama, makarantarmu tsit take yi, ajujuwa a kulle. Amma duk wanda ya bi ta bakin ƙofa da sassafe zai ji ƙarar bokiti daga bayan ɗakin karatu. Kawu Direba ne, mai jan motar ɗauko yara, ya naɗe ƙafar wando yana bi kunya-kunya yana ba shuka ruwa. Ya tuge ciyawa, ya tallafi tumatirin da ya kwanta da sanda, sannan ya zauna a inuwa ya sha shayinsa.

Ba aikinsa ba ne. Lambun na yara ne, su suka shuka, kuma a da duk hutu bushewa yake yi don ba mai kula. Wata shekara shugabar makaranta ta gaji, ta ce in aka sake dawowa aka tarar da shi a bushe, za a shafe wurin da siminti a riƙa ajiye motoci. Ranar ba da hutu yara suka shiga mota jiki a sanyaye. Wata 'yar aji biyu ta taɓa kafaɗarsa ta ce, "Kawu, har barkonona za a shafe?" Ya dube ta ta madubi ya ce, "Je ki ci hutunki, uwata. Barkononki ya sami direba."

A hutun nan ne famfon makaranta ya ƙafe ana tsakiyar zafi. Mai gadi ya shaida mana cewa Kawu ya ari baro, ya riƙa turo jarkoki daga rijiyar gangaren titi, rigarsa sharkaf da gumi. Da awakin unguwa suka fasa shinge, ya kwaso tsofaffin tayoyi da waya ya toshe. Har an ji shi yana yi wa wata akuya faɗa kamar fasinja: "Ke, nan ba tasharki ba ce, ƙara gaba." Matarsa kuwa ta ce masa, "Malam, kabewar nan ta fi mu ganinka." Ya ce, "Ai ita ba ta iya biyo ni gida."

Da muka dawo, lambu kore shar, kuɓewa ta fi wasu yaran tsawo. Shugaba ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Motoci su nemi wani wuri." Tun daga nan hutu bai ƙara cin lambun ba.

Kawu, kai ne ka ɗauki maganar yarinya ƙarama da nauyin maganar manya. Kai ne mai kai 'ya'yanmu gida lafiya, ka dawo ka shayar da abin da suka bari. Ƙarshen zangon nan za ka ajiye makullin mota. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta cikin ƙoshin lafiya.

Saura mu, iyaye da malamai. Kawu ya ce zai ci gaba da leƙowa, amma gwiwarsa ta daina son baro. Wanda duk ke da safiya ɗaya ta rara a hutu mai zuwa, ya zo ya karɓi baron.