Aradu ta kayar da ni, mutane suka tsaya jiran madara

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuta komai a nan ba. Wasu sun ɗauka fushi na yi da duniya, kamar yadda na saba. Wannan karon kwanciya na yi.

A ƙarshen bazarar da ta wuce ne, bayan la'asar. Mun yanke shinkafar rani mun shanya a bakin kanal ɗin ban ruwa, tsakanin Kura da Bunkure. Tun safe zafi kamar zai dafa mutum. Sai gabas ta yi baƙi, iska ta taso. Duk manomi ya san hadarin farko: ruwa kaɗan, iska da tsawa da yawa.

Ni da Ado, maƙwabcin gonata, muka ruga muna jan tamfol. Da yayyafi ya fara sai muka fake a gindin mangwaro.

Ban ji ƙara ba. Haske kawai na gani.

Da na farfaɗo ina kwance rub da ciki, bakina cike da laka. Ƙafafuna kamar ba nawa ba. Kunnen dama ya mutu, na hagu yana ji sama-sama. Na so in yi magana, harshe ya ƙi.

Ina ganin ƙafafun mutane sun kewaye mu, amma daga nesa.

"Kar wanda ya taɓa su. Aradun tana jikinsu."

"A samo madara tukuna. Wa ke da babur? A je ruga."

"Shanun ai ba su dawo daga kiwo ba."

"To ta gwangwani fa, tana yi?"

"Kai, wace irin ta gwangwani? Sai ta saniya, sabuwar tatsa."

Na gane muryoyin. Kusan rabin rayuwata na yi ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare, kuma wasu daga cikin masu wannan muhawara sun zauna a ajina.

Ado yana gefena, hannunsa kusa da fuskata. Ina kallon yatsunsa. Ba su motsa ba.

Rabi'u ne ya ratsa taron, ɗan yayata, magidanci mai jan adaidaita. Aka riƙe masa riga. Ya fizge.

"Ku sake ni. In ta kashe ni, ku zuba mana madarar tare. Kawu, kana ji na?"

Ya ɗauke ni, babu abin da ya same shi. Da suka ga haka sai suka ɗauko Ado.

A asibitin Kura aka ce Ado ya riga ya cika. Ni aka tura ni babban asibiti a Kano.

Aka manna min wayoyi a ƙirji ana duba bugun zuciya. Agogona ya ƙona min wuyan hannu, ƙarfen bel ya bar min tambari a ciki. Dodon kunnena ya fashe. Washegari fitsarina ya koma kalar baƙin shayi.

Likitar, yarinya ce sa'ar 'yata, ba ta ɓoye min ba. "Baba, naman jikinka ya ji rauni, dattinsa na neman toshe ƙoda. Za mu yi ta ƙara maka ruwa. In bai wanke ba, sai wankin ƙoda."

Daga nan rayuwata ta koma kallon jakar fitsari. Kowace safiya a ɗebi jini, Rabi'u ya bi layin biyan kuɗi, ya bi layin karɓar sakamako. Komai saye ake yi, har safar hannun ma'aikata. Injin ban ruwana da shinkafar da iska ta rage min, duk a nan suka tafi.

Matata Hajara takan ɗaga jakar ta duba a hasken taga.

"Malam, yau ya ɗan washe."

"Jiya ma haka kika ce."

"To jiya ƙarya na yi maka. Yau gaskiya ce."

Ƙodar ta tashi da kanta, ba a kai ga wanki ba. Ƙafafun ma suka dawo a hankali, da gashin ƙashi da sanda. Yanzu ina zuwa masallaci da ƙafata. Kunnen dama dai ya tafi.

Kafin a sallame ni na tambayi likitar game da Ado. Ta ce, "Kwana na Allah ne, Baba. Amma jikin mutum ba ya riƙe wutar aradu. Wanda zuciyarsa ta tsaya, in aka danna masa ƙirji nan take, wani lokaci yana dawowa."

Ado ya bar mata da 'ya'ya ƙanana. Har yau in na wuce ƙofar gidansa sai in sauya hannun da nake riƙe sanda, don in sami abin yi da idona.

Na gode wa Allah. Na gode wa Hajara, da likitar nan da ma'aikatan jinya, da Rabi'u. Waɗanda suka zo dubiya suna cewa sun tsorata ne, na yafe musu. Mantawa ce ban yi alkawari ba.

Ga abin da nake roƙo, musamman ku 'yan noman rani. In kun ji rugugin tsawa, ku bar shanyar, ku fita daga ruwa, ku ajiye fartanya. Kada ku fake a gindin bishiya kamar yadda muka yi. Ku nemi gini ko cikin mota. In ta taɓa mutum ya tashi yana cewa lafiyarsa lau, duk da haka a kai shi asibiti, a kuma lura da kalar fitsarinsa.

In kuma kun same shi a kwance, ku taɓa shi. Ku duba numfashinsa, ku danna ƙirjinsa, ku ɗauke shi. Wataƙila yana jin duk abin da kuke faɗa.

Allah Ya jiƙan Ado.