Yadda Tiyar Wada Ta Rasa Sunanta

Ranar da dattawan kasuwar Madarumfa suka zauna tsayar da ma'aunin hatsi guda, maƙwabcina Wada masassaƙi ya hau tiyarsa ta itace don ya gwada musu ƙarfinta. Ta tsage, ya faɗi warwas.

Tun tasowarmu "tiyar Wada" ake cewa, da sassaƙarta yake ciyar da gidansa. Amma Alhaji Tanko, mai kawo kwanonin ƙarfe daga Maraɗi, ya riga ya bi dattawan da goro. Aka ce daga ranar sai "tiyar Alhaji". Ga shi shekarar fari. Wada ya bi ƙauyukan Safo da Gabi gida-gida da tiyoyinsa, ba mai saye, 'ya'yansa na kwana da yunwa.

Wata rana na tsokane shi na ce, "Malam Wada, yaushe za a sake hawa tiya?"

Ya ce, "Ɗauki tiyar Alhaji ka kai rumbunka. In ka samu abin aunawa, kira ni."