Hancin Giwa a Garejin Barkai

Ina dafa shayi a ƙofar garejin Barkai, nan garin Faya da ke cikin hamada, ina kallon wani dattijo dogo mai koɗaɗɗen rawani. Ya sa wa a-kori-kurarsa bututun shaƙar iska saboda yashi, bututun kuwa ya tare hanyar matatar baƙin mai da ya zo a canza masa.

"Kawu, hancin giwar nan ya hana hannuna shiga," in ji Barkai. "Bar tsohuwar matatar, za ta kai ka har garin Kufra."

"Ɗana, ka taɓa kwana inda inji ya mutu?"

Dattijon ya zare zobensa, ya yi bismillah, ya cusa hannu. Hannun ya fito jina-jina, riƙe da matatar.

Na tabbata ya taɓa binne wani a hamada. Na zuba masa shayi, ban tambaye shi ba.